Mai gyaran fulota na wajen Beirut Road: abin da ya yi min da abin da bai min daɗi ba

Wata uku ke nan da fulotata, wato babbar firintar da nake buga zanen gini da ita, ta daina bugu aka gyara min, kuma da gangan na ƙi rubuta komai tun lokacin, don na san halin gyara, yau ka yabi mutum jibi matsalar ta dawo sabuwa fil ka rasa bakin magana gaban waɗanda ka tura wajensa. To yanzu an yi wata uku cur ina aiki da injin safe da yamma, shi ya sa na ce bari in sauke nauyi in faɗi abin da idona ya gani game da wani mai gyaran firinta da fulota da ke da ɗan shago a wajen Beirut Road nan Kano. Ba zan kama sunansa ba tunda ban nemi izininsa ba, amma masu harkar buga zane a garin nan da yawa za su gane wa nake nufi.

Ni sana'ata buga zanen gini ce. Masu zana gidaje da safiyo-safiyo da ɗaliban jami'a su ne kwastomomina, su kawo zane a filas ko su turo min ta waya, in fitar musu da shi a babbar takarda. Fulotata mai inci 36 ce, wato tana cin naɗin takarda mai faɗin milimita 914, har babbar takardar zane da ake kira A0 tana bugawa ba matsala. Ta hannu na saye ta, ba sabuwa ba, kuma ita ce jarin shagon gaba ɗaya, in ta tsaya to ni ma na tsaya. Tana haɗe da rauta, wato ɗan akwatin da ke haɗa na'urorin shagon da juna, ta wayar netiwok, sai babbar kwamfutar da ke kan teburina wacce ita ce ke riƙe da layin jiran bugu, su kuma yarana biyu da ke aiki da laftof duk abin da za su buga sai ya bi ta kan kwamfutata tukunna kafin ya isa fulota. Haka wanda ya fara haɗa mana ya tsara, mu kuma ba mu taɓa tambayar dalili ba tunda abu yana tafiya.

Ranar wata Talata da la'asar muna tsakiyar buga wani zane aka ɗauke wuta. Aka tada janareta, komai ya dawo, kwamfuta ta tashi, fulota ta yi ɗan kukanta na tashi ta nuna a shirye take, amma da muka sake tura zanen sai shiru. Muka sake turawa, shiru. Yaron shago ya tura daga laftof ɗinsa har sau uku ko huɗu, ni ma na tura, kafin magariba mun tara aiki goma sha a layi ba wanda ya motsa, na saman yana rubuta Error, na danna in goge shi sai ya koma Deleting ya zauna a haka, kuma can gefe Windows na cewa wai fulotar Offline take alhali ga ta nan gabana a kunne fitila kore shar. Na kashe na kunna kwamfuta ya fi sau biyar. Wanda bai taɓa shiga irin wannan ba zai ga kamar ƙaramin abu ne, amma a lokacin akwai wani injiniya, tsohon kwastomana ne sosai, da ya bar min zanen wani bene kwafi huɗu zai kai KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, neman amincewa, kuma na riga na ce masa ya zo ya karɓa kafin Juma'a.

Laraba da safe na kira wani mai gyara da aka ba ni lambarsa. Wannan shi ne na farko, ba shi nake yi wa wannan rubutu ba, amma dole in ambace shi don a ga bambanci. Ya zo ya zagaya injin, ya cire murfin gefe ya leƙa da tocilan waya, ya ce ɗaukewar wutar nan ta taɓa bodi, wato allon lantarkin da ke cikin injin, sai an aiko da wani daga Legas, in ba da rabin kuɗi a yi oda. Ko kujerar kwamfutar bai zauna ba. Kuɗin da ya faɗa min kuwa sai da na ji jiri, don ya kusa kashi ɗaya bisa uku na abin da na sayi injin. Allah ya taimake ni ba ni da su a hannu a ranar, da ina da su wallahi da na bayar, saboda mutum in ya rikice duk wanda ya yi magana da ƙarfin gwiwa sai ya yarda da shi. Na ce masa zan neme shi. Da daddare wani abokina mai irin sana'ata a Zoo Road ya ce kar in kuskura in biya kowa komai sai wannan na Beirut Road ya gani tukunna.

Bari in fara da abin da bai min daɗi ba tunda da shi aka fara. Mun yi da shi zai zo ƙarfe tara na safiyar Alhamis, bai iso ba sai bayan azahar, kuma tsakanin nan na kira shi ya kai sau shida, sau ɗaya ya ɗauka ya ce ga shi nan a hanya, wanda daga baya na gane ba a hanyar yake ba, yana wani ofis yana ƙarasa aiki. Da ya ce min tun farko sai biyu zai samu zuwa da na kai zanen injiniyan nan wani shago an fara rage min, da hankalina ya fi kwanciya. Wannan ɗabi'a ta masu gyara ta "ga ni nan" tana cutar da mu ƙwarai, kuma na faɗa masa a gabansa, ya ba da haƙuri, amma ban ga alamar abu ne da zai canza ba.

To amma da ya zo ɗin, a nan ne na ga aiki.

Ya shigo da ƙaramar jaka da yaronsa ɗaya, muka gaisa, ya ce "Alhaji me ya faru daidai, kar ka gaya min abin da aka ce maka, gaya min abin da ka gani." Na ba shi labari tun daga ɗaukewar wuta. Bai ciro sukuddireba ba, bai taɓa murfi ba. Ya je gaban ɗan allon da ke jikin fulotar ya yi ta dannawa har ya kai wani wuri da injin ke buga shafin bayanin kansa da kansa, ba tare da kwamfuta ba, ya danna. Sai kawai na ji takarda ta ja, kan bugun da ke fesa tawada ya fara zirga-zirga dama da hagu, shuu shuu, rubutu na fitowa tar, can wuƙar ta bi ta yanke ƙyat, takardar ta sulale cikin kwando. Kwana biyu rabon da in ji wannan ƙarar. Ya ɗago takardar ya miƙo min ya ce "Alhaji injinka lafiyarsa ƙalau, injin da bodinsa ya ƙone ba ya buga wannan. Matsalarka tana tsakanin nan da can ne," ya nuna fulotar ya nuna teburina. Minti biyar bai cika ba da shigowarsa.

Abin da ya burge ni shi ne yadda ya raba matsalar gida uku, kuma yana yi yana faɗa min da bakinsa. Ya ce bugu hanya ce mai zango uku, akwai injin kansa, akwai hanyar da saƙo ke bi ya same shi wato wayar netiwok da rauta da lambar IP wacce ita ce adireshin injin a netiwok, sannan akwai abin da ke cikin kwamfuta wato direba, manhajar da kwamfuta ke magana da injin ta cikinta, da layin jira. Ya ce duk wanda bai tantance a wane zango abin ya maƙale ba ya fara kwance inji, to lalube yake a duhu da kuɗin mutane. Na ɗaya mun gama da shi, saura biyu.

Ya duba bayan fulotar inda wayar netiwok ke shiga ya ga 'yan fitilun nan suna ƙyaftawa, ya ce waya na da rai. Sai ya karanta lambar IP da ke jikin takardar da injin ya buga, tana ƙarewa da 107. Ya zauna a kwamfutata ya shiga bayanan firintar, wajen da aka rubuta Ports, ya buɗe ya ce in zo in gani da idona, lambar da ke can tana ƙarewa da 104. Ya buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni ya buga ping, wato umarnin da ke ƙwanƙwasa wa na'ura a ji ko za ta amsa, da lambar 104, ba amsa, ya buga da 107, amsa na ta zubowa layi-layi. Ya ce "ka ga ni? Kwamfutarka tana ta aika saƙo tsohon gida, mai gidan kuwa ya tashi." Bayanin da ya yi min shi ne rauta ita ke raba wa kowace na'ura lamba in ta tashi, kuma ba dole ba ne ta maimaita maka wacce ta ba ka jiya, to da wuta ta ɗauke ta dawo sai wayoyinmu na hannu da laftof suka riga fulota shiga, ita fulota tana ɗaukar lokaci kafin ta gama tashi, kafin ta iso an ba wani lambarta ita kuma aka ba ta sabuwa. Shekara da shekaru muna kan sa'a ne kawai abin bai taɓa faɗo mana ba.

Ni a zatona zai canza 104 ya mai da 107 ya karɓi kuɗinsa ya tafi, kuma da ya yi hakan da ban san an cuce ni ba, don a ranar zai yi aiki, sai wata ɗaukewar wutar in sake kiransa in sake biya. Bai yi haka ba. Ya koma allon fulotar ya kashe mata karɓar lamba daga rauta, ya sa mata tsayayyiyar lamba da hannu, can sama nesa da jerin lambobin da rautar ke rabawa don kar wata rana su yi karo da wayar wani. Sannan ya ƙirƙiri sabuwar mashiga a kwamfuta irin wacce ake kira Standard TCP/IP da wannan lamba, ya tabbatar tana kan Raw da lamba 9100, ya ce ita ce ƙofar da yawancin firintocin netiwok ke karɓar aiki ta cikinta. Akwai wani ɗan akwati a ƙasa mai suna SNMP Status Enabled, ya cire masa alama, ya ce wannan shi ke sa kwamfuta ta riƙa tambayar inji lafiyarsa, in amsar ta yi jinkiri ko ba ta zo ba sai ta yanke hukunci ta rubuta Offline alhali injin na nan garau. Ya yago selotef na takarda ya rubuta sabuwar lambar da biro ya manna a gefen fulotar, har yau tana nan.

Saura layin jiran da ya cushe. Ya ce min in ɗauke shi kamar layin gidan mai, motar da ke bakin famfo ta mutu, to duk na bayanta ko lafiyarsu lau ba mai motsi sai an ture ta gefe, mu kuma da muke ta sake turawa motoci kawai muke ƙarawa a layi. Kuma dalilin da ya sa kashe kwamfuta da kunnawa bai yi magani ba shi ne ayyukan ba a iska suke ba, a rubuce suke a cikin hadis ɗin kwamfuta, wato ma'ajiyarta, tana tashi sai ta sake ɗauko su yadda ta bar su. Ya buga services.msc, ya nemo wani mai suna Print Spooler, wanda shi yake kira sifula, ya tsayar da shi. Sannan ya shiga C, Windows, System32, spool, PRINTERS, sai ga fayil-fayil jibge, kowane aiki da guda biyu, ɗaya mai ƙarshen SPL wanda shi ne ainihin abin da za a buga, ɗaya mai SHD wanda ke ɗauke da bayanin wa ya turo da kuma ina za shi. Ya tambaye ni tukunna ko akwai wanda ba ni da asalinsa a ajiye, na ce duk ina da su, sai ya share abin da ke cikin jakar kaɗai ya bar jakar kanta, ya sake tada sifula ɗin. Layi ya koma wayam. Ya tura shafin gwaji, kafin ya ɗauke hannu daga linzami fulota ta amsa.

Wannan tambayar da ya yi kafin ya share, ƙaramin abu ce amma ta ƙara masa daraja a idona, don na sha ganin masu gyara da za su share maka abu sannan su tambaye ka ko yana da amfani.

Na ɗauka an gama, har na fara godiya, sai ya ce a'a a buga ainihin zanen da ya kawo rigimar yana nan, shafin gwaji ba ya nuna komai. Kuma gaskiyarsa, don zanen gini na farko da na biyu sun fita lafiya, na uku wanda ke ɗauke da taswirar filin da hoton sama na unguwar a ƙarƙashinsa sai ya ja ya kai kamar rabi ya tsaya, ya daɗe yana jira, can ya yanke takardar a haka. Gabana ya sake faɗuwa. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ce wannan daban ne da na ɗazu, ya sake turawa yana kallon layin jiran, ya nuna min girman aikin yana ta hauhawa, PDF ɗin da bai taka kara ya karya ba a filas amma da ya shiga layi ya kumbura ya ninka kansa sau da yawa, saboda hoto ba kamar layin zane ba ne, sai an mai da shi ɗigo-ɗigo a faɗin takarda mai milimita 841 da tsawon 1189. Ya duba C, wato hadis ɗin kwamfutar, ya ga saura ƙiris ya cika, ja ne ma yake nunawa, shekarun zanen mutane duk mun tara a kan fuskar kwamfutar. Ya sa yarona ya kwashe tsofaffin ayyuka zuwa wani hadis na waje, sannan a bayanan firintar wajen Advanced ya canza zaɓi daga fara bugu nan take zuwa wanda ke cewa sai an gama tara aikin gaba ɗaya a layi kafin a fara turawa. Ya ce zan ga kamar yana jinkirin farawa amma in ya fara ba zai tsaya yana jiran kwamfuta a tsakiya ba. Haka kuwa aka yi, ya ɗan jima shiru sannan ya fito tun daga sama har ƙasa ba tsayawa.

Akwai abu biyu da ya nuna min waɗanda ba su cikin abin da na kira shi a kai, kuma su ne ma suka fi tsaya min a rai. Na farko, da zanen ya fito sai ya ce in ba shi rular sikeli, ya ɗora a kan wani bango da aka rubuta masa mita 4 a sikelin 1:100, wanda ya kamata ya ba da santimita 4 daidai a takarda, sai muka ga ya ɗan gaza. Ya buɗe wajen bugu na manhajar PDF ɗin ya nuna min an bar shi a kan Fit, wato ya matse zane ya shiga cikin iyakar takarda, maimakon Actual size. Raguwar kaɗan ce, ido ba zai gani ba, amma zanen gini ne fa, akwai birkila ko kafinta da zai ɗora rula a kai a wajen aiki ya yanke ƙarfe ko katako da abin da ya karanta. Gaskiya jikina ya yi sanyi, don ban san tun yaushe yaran suke bugawa a haka ba, kuma amanar mutane ce a hannuna. Washegari sai da na kira kwastomomi uku da na tuna na yi musu aiki a makon na ce su dawo da shi in sake buga musu kyauta, biyu sun dawo.

Na biyu kuma maganar takarda. A1 milimita 594 ne a 841, naɗina kuwa 914 ne faɗinsa, to mu a tsaye muke bugawa, kowane zane ya ci 841 na tsawon naɗi kuma ya bar wani ɓangare fari a gefe da muke yankewa mu zubar. Ya kunna juyawa ta atomatik a cikin direba, zanen ya kwanta, 841 ɗin ya shiga faɗin takarda, tsawon da ake ci ya koma 594. Wato milimita 247 na ragewa a kowane A1 ɗaya, wanda ya san farashin naɗin takarda a yanzu ya san abin da wannan ke nufi a ƙarshen wata. Ban biya shi ko sisi a kan wannan ba, yana wucewa ne ya ga tarin yankakkun takardu a kusurwa ya tambaya.

Sai batun laftof ɗin yara. Ya ce bin da suke ta kan kwamfutata ba laifi ba ne amma duk sanda ta yi barci ko na kashe ta na fita, aikinsu zai maƙale, kuma tun 2021 da aka ƙara tsaurara tsaro a ɓangaren bugu na Windows raba firinta daga wata kwamfuta zuwa wata ya ƙara zama abin lallaɓawa. Tunda fulotar tana kan netiwok da lambarta tsayayya, ya sa wa kowace laftof direbanta ya haɗa ta kai tsaye. Direban ma daga shafin kamfanin da ya ƙera injin ya sauko da shi, daidai samfurin, ya ce kar in yarda a sa min wanda aka kwaso a filas ɗin wani ba a san asalinsa ba.

Kafin ya tafi ya buɗe murfin sama, karo na farko ke nan da ya taɓa cikin injin, ya nuna min wani siririn zare mai kama da leda garai-garai da ya bi tsawon injin, mai ɗauke da 'yan layuka ƙanana da kan bugun ke karantawa don ya san inda yake. Ƙurar hunturu ta lulluɓe shi. Ya goge a hankali da ƙyalle mai laushi da ya ɗan jiƙa da ruwa, ya ce in ya yi datti sosai layuka za su fara fitowa a karkace ko kan ya riƙa bugun gefe, ya ce in samo mayafi in riƙa rufe injin in mun tashi. Ya kuma ja kunnena a kan kashewa daga soket, ya ce in riƙa kashewa daga maɓallin jikinta don kan bugun ya koma mazauninsa a rufe bakinsa, in ba haka ba tawada ta bushe a ciki. Ya ce in sayi UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko ƙarami ne, in ɗora kwamfuta da rauta da fulota a kai ko don 'yan mintunan da ake tada janareta. Bai ce shi zai sayo min ba, bai tura ni wani shago na musamman ba, ƙarfin da zan nema kawai ya rubuta min a bayan takarda.

Kuɗi fa? Abin da ya karɓa gaba ɗaya har da na abin hawa bai kai kuɗin tawada kala ɗaya ba, kuma ya zauna ya fi awa uku. Bai faɗi farashi ba sai da ya gama, wanda ni ban so haka ba, na fi son a yi ciniki tun farko kowa ya san inda ya dosa, sa'a dai ce mutumin ba mai tsawwalawa ba ne. Kuma ba ya ba da rasit. Na nema ya ce zai aiko yaro da shi, har yau ɗin nan bai zo ba. Ga mai ƙaramin shago irina ba wani abu ba ne, amma wanda ke aiki a kamfani ko ma'aikata da sai ya kai shaidar kashe kuɗi ya san da wannan tun kafin ya kira shi. Yaronsa ma yana da ɗan gaggawa, ya ja naɗin takarda da hannu mai tawada ya ɓata min kusan mita ɗaya, maigidan ya yi masa faɗa a take, amma dai an yi.

Injiniyan nan ya karɓi zanensa Juma'a da safe kafin a tafi masallaci, kwafi huɗu cif, kuma na ɗora rula a gabansa ya gani.

In za a ce in ba da maki cikin biyar, huɗu zan ba shi, ɗayan da na riƙe na rashin cika lokaci ne da rasit. A ɓangaren sanin aiki da tsoron Allah a kan kuɗin mutane kuwa ban ga abin da zan rage masa ba. Wanda fulotarsa ke nuna Offline ko aiki ke maƙalewa a layi ko zane ke yankewa a rabi, wannan mutumin ya san kan abin. Ban gwada shi a babban gyara irin canza bel ko kan bugu ba, don haka ba zan yi masa shaida a abin da ban gani ba. In kana da aikin gaggawa ka kira shi tun ana saura kwana biyu, kuma ka matsa masa ya faɗa maka ainihin lokacin da zai samu zuwa.

A wata ukun nan sau ɗaya tak fulotar ta sake yin shiru, makon jiya ne da safe. Na sa ta buga shafin bayaninta ta buga, na duba lambar da ke jikin selotef na yi ping ba amsa, na zagaya baya sai na ga fitilun wajen waya a mace, ashe ɗan maƙallin robar da ke kan wayar ne ya karye ta zame lokacin da aka yi shara. Na tura ta ciki ta yi ƙyas, aiki ya ci gaba, da rana na aika yaro ya sayo sabuwar wayar netiwok. Na kira shi in gaya masa, bai ɗauka ba, sai bayan isha'i ya biyo kiran, da na ba shi labari ya ce madalla, sannan ya tambaye ni ko na sayi UPS ɗin, na ce masa ƙarshen watan nan in Allah ya yarda.